Safar Hannun Serkku

Sunansa na yanka Sherko, amma ban taɓa jin wani a garinmu ya faɗe shi daidai ba. Bakinmu ba ya iya harafin farkon nan. Makon da ya sauka, matar da ke karɓar baƙi a ofishin gari ta kira shi Serko, kafin ƙanƙarar shekarar ta narke ya zama Serkku. Serkku kuwa a harshenmu ɗan kawu ne ko ɗan goggo, taubashi ke nan. Da ya gano ma'anar sai ya ɗauka mutanen gari ne suka zauna suka yanke shawarar mai da shi ɗan dangi. Ba wanda ya gyara masa. Mu mutanen yankin Savo ba mu cika gyara abin da ke ba mu dariya ba.

Bakurde ne, wato ɗan ƙabilar Kurdawa, daga birnin Sulaimaniyya, yaƙi ya koro shi. A can gyaran rediyo yake yi. Ya zo mana bai kai arba'in ba, ba mata, ba ɗa, sai gashin baki mai kauri da wata rigar fata da ba ta tare sanyi ko kaɗan. Aka sa shi ajin koyon harshe a birnin Kuopio, ya fito da 'yan kalmomi, sai aka ba shi aiki a benen haya da ke bayan kantin magani, inda innarmu Onerva da ƙanwata Sirkka suke zaune. Sunan aikin talonmies. Ya raba kalmar gida biyu yadda aka koya masa a aji: talo gida ne, mies namiji. Da yamma ya buga wa uwarsa waya ya ce an naɗa shi maigida, gidan ma bene ne, iyalai cike. Ya ce sai da ya janye wayar daga kunnensa saboda guɗa. Washegari aka miƙa masa shebur, da tsintsiya, da tarin makullai, aka nuna masa inda ake zuba shara.

Bai taɓa yarda an yaudare shi ba. "To wa ake nema in famfo ya fashe?" in ji shi. "Wa ake tasa in mutum ya kulle kansa a waje? Ni ne maigida, ku kuna kwana ne kawai."

Ni sunana Aulis, a lokacin ina tuƙa motar katako. Da hantsi mukan haɗu a teburin gahawa na gidan mai, ni da Kalervo mai shanun madara da duk wanda aikinsa ya sake shi. Serkku ya fara zuwa yana zama a gefe, har wata rana kujerar ta zama tasa. Lokacin yana cikin ɗokin harshenmu. Yakan ce bai taɓa ganin harshe mai gaskiya irinsa ba, kome yana faɗin abin da yake. Firiji kabad ɗin ƙanƙara ne. Kwamfuta injin sani. Lema kuwa inuwar ruwan sama. Kullum sai ya zo da sabuwa ya ajiye mana a tebur, ya fasa ta biyu, ya dube mu yana jiran mu yi mamaki. Mu da muka tashi da kalmomin ba mu taɓa lura ba. Kalervo ya shekara hamsin yana buɗe firiji bai san kabad yake buɗewa ba, abin kuma ya ɓata masa rai.

"Wanda ya ƙirƙiri harshen nan ba ya ƙarya," in ji Serkku.

"Ba a Savo aka haife shi ba ke nan," in ji Kalervo.

Innarmu ce ta kawo ƙarshen wannan ɗoki. Ta rasu wata safiyar Talata a kan kujerarta, rediyo na kunne, ta haura tamanin. Ni da Sirkka muna ɗakin muna jiran limamin coci. Sirkka ta rasa mijinta ba da jimawa ba, yanzu ga uwa, ta zauna kamar an dasa ta. A tsakar gida kuwa wani tsohon maƙwabci ya tsai da Serkku yana shara, ya nuna tagarmu da haɓa ya ce, "Onerva ta jefar da cokali a lungu." Haka muke cewa in mutum ya mutu. Ya gama cin nasa, ba ya bukatar cokali.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Sirkka ta buɗe. Serkku ne riƙe da tocila da wata doguwar waya da ya lanƙwasa bakinta.

"Na zo duba cokalin," ya ce. "In bayan bututun ɗumama ɗaki ya faɗa, kada ku sa hannu, da zafi. Wane lungu ne?"

Sirkka ta dube shi, ta dubi wayar. Na ga kafaɗunta sun fara rawa, na ɗauka kuka ne, na taso. Ashe dariya ce. Ta jingina da bango tana yi har hawaye ya zubo, daga nan kuma kukan na gaske ya zo, wanda tun safe ya ƙi zuwa. Abin da ya ƙara tsananta abin, innarmu mace ce mai jifa. Duk yarintarmu abin da ke hannunta shi take wurgo mana, cokali ya fi yawa.

Na ja shi waje na yi masa bayani. Ya daɗe tsaye a kan matakala. Sannan ya sauka, ya ɗauko tuta ya ɗaga ta zuwa rabin sanda, yadda ake yi in an yi rasuwa a gida. Ranar jana'iza ya zo da tukunyar shinkafa da aka naɗe cikin ganyen kabeji, ya ajiye a kicin ya gudu.

Ya yi kwanaki bai zo gidan mai ba. Da ya dawo ya zauna ya ce, "Kowace magana taku bene ce. Akwai ta sama, akwai ta ƙasa. A aji ta sama kawai aka nuna mana."

Daga ranar ya daina fasa kalmomi, ya koma farautar na ƙasa. Ya koyi cewa wanda yake tsakar gida bai san abin da ake ciki ba ne. Abin da ya shiga daji ya lalace ne. Wanda ya shaƙi wake a hanci fushi ya yi. Wanda babban yatsansa ke tsakiyar tafin hannu ba ya iya aikin hannu. Ya iya su sosai, har ya fi wasu yaranmu. Matsalar ita ce ya daina yarda akwai maganar da ke nufin abin da ta faɗa. In mai kanti ta ce masa madara ta ƙare, sai ya ƙanƙance ido yana neman abin da take ɓoyewa.

Wata safiya bayan ƙanƙara ta narke, lokacin da ake fitar da shanu kiwo, Serkku na kan 'yar taraktar gidan yana kai ganyen shara juji, sai ga Kalervo ya fito titi a guje, takalmin roba duk laka, yana ɗaga hannu. Taraktar Kalervo na gareji wurin gyara.

"Serkku, tsaya. Saniyata na cikin lambatu."

A makon ne muka koya masa wannan. In an ce saniyar mutum na cikin lambatu, to yana da tasa bukatar a ɓoye cikin lamarin, ba don Allah yake yi ba. Serkku ya kashe inji, ya sauko, ya dafa kafaɗar Kalervo.

"Ban taɓa zargin ka ba," ya ce. "Amma tunda ka faɗa da bakinka, na ƙara ganin girmanka. Kowa na da tasa saniyar, Kalervo. Ni ma ina da tawa."

"Kana da igiya?"

"Igiyar me? Ka faɗa, ya wuce. Ba wanda zai ji daga bakina."

Kalervo mutum ne da ba ya ɗaga murya ko gidansa na cin wuta. Ya kama hannun rigarsa ya ja shi bakin gona, ya nuna ƙasa. Ga saniya nan cikin laka har wuya, tana kallon su. Suka yi ta fama da ita har azahar kafin ta fito. Tana fitowa ta girgiza jiki ta wanke su da laka, ta kama cin ciyawa.

Bayan wannan sai ya samo dabara. Duk abin da aka faɗa masa, sai ya nuna sama da yatsa, ya nuna ƙasa, ya ce, "Wace ce?" Gari ya saba. Likita ma in zai gaya masa ya rage gishiri sai ya ƙara da cewa, "Ta sama ce, Serkku." Mutum ɗaya ce ba ya iya yi wa wannan tambaya, ita ce Sirkka.

Sirkka tana dafa abinci a makarantar gari. Tun bayan rasuwar innarmu famfon kicin ɗinta ya kama lalacewa a kai a kai. Na taɓa duba shi da kaina, lafiyarsa ƙalau. Serkku yakan hau da akwatin kayan aikinsa, ya kwance famfon, ya mayar, ta ba shi gahawa da burodin zaƙi mai kirfa. Shi kuma kabejinsa mai shinkafa kullum yana yi masa yawa, sai ya kai mata. Suka yi shekaru a haka. Duk benen ya sani, ba wanda ya ce kome.

Wata rana lokacin kaka, yana ɗauko mata buhun dankali daga ɗakin ajiya na ƙasa, ya tsaya a tsakiyar matakala da buhun a kafaɗa ya yi magana. Sirkka ta ce ya fara da yadda ake girmama dangin mace a ƙasarsu, ya bi ta kan tsadar wutar lantarki in mutum biyu na ɗumama ɗaki biyu, kafin ya iso inda za shi. Ta saurare shi har ƙarshe. Ta ce, "To, za a gani."

Ba ta ƙara cewa kome ba. Ta sayo zaren ulu, toka-toka da ja, ta kama saƙa. Ana gobe Kirsimeti ta miƙa masa ƙunshi a bakin ƙofa, ta rufe ƙofar da sauri don kunya.

Bayan hutu muna teburin gidan mai, sai ya yi gyaran murya ya ce, "Akwai wani abokina a Kuopio."

"Kana da aboki a Kuopio?" in ji Kalervo.

"Akwai. Ya yi wa wata mata maganar aure. Ya jira. Sai ya sami safar hannu daga wurinta. Wace ce?" Ya nuna sama, ya nuna ƙasa.

Mu ba mu san da ƙunshi ba. A wurinmu kuwa tun kakanni, in an ce mutum ya sami safar hannu, to an ƙi shi ne.

"Abokinka ya yi haƙuri," in ji Kalervo. "Ta sallame shi."

"Ko da safar na da kyau?"

"Ba a samun mai kyau, Serkku. Duk iri ɗaya ce. Ni sau biyu aka ba ni kafin na haɗu da uwar yara."

Serkku ya gyaɗa kai, ya shanye gahawarsa, ya ce akwai aiki.

Sanyin watan nan har yau ana labarinsa. Motoci suka ƙi tashi, tsuntsaye suka yi shiru. Kowace safiya Serkku na tsakar gida yana kwashe ƙanƙara da hannu tsirara. Tsohuwar safarsa ta aiki ma ya daina sawa, kada a ce yana nuna an ba shi wata ya ƙi. Ta Sirkka kuwa ya ce ba zai iya zura hannunsa cikin ƙin da aka yi masa ba, kuma ba zai iya jefar da abin da ta saƙa ba. Ya sa ta ƙarƙashin matashi. In ya haɗu da ita a matakala sai ya cire hula ya gaishe ta da sunan mijinta marigayi, kamar ma'aikacin banki. Da ta aika cewa famfo na ɗiga, ya aiko da amsa cewa ya san famfon nan sarai, zai kai bazara.

Wata Lahadi na je cin abinci wurin Sirkka. Na same ta a taga, hannu a naɗe a ƙirji.

"Dubi wancan," ta ce. "Dubi hannunsa. Ya gwammace yatsunsa su zube da ya sa abin da na yi masa."

"Me kika yi masa?"

"Wata guda ina saƙa. Sau uku na warware babban yatsan don ya yi daidai. Ko na gode bai ce ba. In ya fasa ne ai sai ya faɗa, ba yarinya ba ce ni."

"Sirkka, me kika saƙa?"

"Safar hannu mana."

Gahawar da ke bakina ta fito ta hanci. Na kasa magana, ina ta bugun tebur. Ta make ni da tawul ɗin kicin, irin makar innarmu sak, har na samu na ce, "Mutum ya nemi aurenki, kin ba shi safar hannu."

Fuskarta ta yi ja har wuya. Ta zauna a hankali.

"Ai ba wannan ba ce," ta ce. "Ta ulu ce."

"Serkku ne fa."

"Je ka kira shi."

Ya shigo ya tsaya a bakin ƙofar kicin, hula a hannu, yatsu duk sun tsage. Na ɗauko rigata zan fita, Sirkka ta ce in zauna, ana bukatar tafinta. Ta nuna masa kujera, ta tsaya a kansa.

"Yau za mu ɗora kyanwa a kan tebur," ta ce.

Wannan ya san ta: a fito da maganar da kowa ke kauce wa. Amma Sirkka na da kyanwa, wata ƙatuwar baƙa, tana kwance a kan kujerar da ke kusa da shi. Na ga idonsa ya je kanta ya dawo, ya sake komawa. Hannunsa ya fara motsi.

"Ƙyale kyanwar," in ji Sirkka. "Ina abin da na ba ka?"

"Yana nan. Na gane saƙon. Ba sai kin maimaita ba."

"Wane saƙo? Hannunka nake gani kullum da safe kamar ɗanyen nama. Safa ce. Ana sa ta a hannu. Ka ji ko in kira Aulis ya faɗa da wani harshen?"

Ya dube ni. Na nuna masa sama da yatsa.

Can ya ce, "To amsar maganata fa?"

"Ba na ba ka ba? A kan matakala."

"Kin ce za a gani."

"To me kake so in ce kuma?"

Ya sake dubana. Na ce masa a Savo in mace ta ce za a gani, ba ta kuma ƙara da cewa ko ba za a gani ba, to ya je ya nemo kwat mai kyau. Innarmu ma abin da ta ce wa babanmu ke nan, shi kuwa bai tsaya tambaya ba.

Serkku ya tashi ya fita ba sallama. Muka ji shi yana sauka da gudu, muka ji ƙofarsa, muka ji shi yana hawowa. Ya dawo sanye da safar, toka-toka da jan zane a wuyan hannu. Ya zauna ya ɗauki kofin gahawa da hannu biyu. Kofin na zamewa, yana tarewa. Sirkka ta ce ya cire, a cikin ɗaki ake. Ya ce a'a. Haka ya ci dankali da kifi, cokali mai yatsu na juyawa a hannunsa, kyanwa na ƙasa tana tsince abin da ke zubowa.

An ɗaura auren a ofishin gwamnati a tsakiyar bazara, lokacin da dare ba ya yin duhu a wurinmu. Wani limami ya zo daga Kuopio ya yi nasa a tsakar gida, Kalervo ya kawo madara da cuku ya tsaya a baya da hula a hannu. Serkku ya tattara kayansa ya hau sama. Ya riƙe aikin gidan har gwiwarsa ta gaza, sannan ya miƙa makullai ga wani kamfani da sai an buga musu waya suke zuwa. Har yanzu mutanen benen ƙofarsa suke bugawa.

Da yaƙi ya lafa, hanya ta yi kyau, ya kai Sirkka Sulaimaniyya ta ga dangi. Uwarsa ta riga ta rasu, yayarsa Parwin ce babba a gidan. Sirkka ba ta jin ko kalma ɗaya ta Kurdanci, ta ce masa duk abin da aka faɗa ya juya mata yadda yake, kada ya yi mata gyara. Suna isa ƙofa Parwin ta fito ta rungume ta, ta ɗora hannu a kan idonta ta faɗi gaisuwar da suke yi wa baƙon da ake ji da shi. Sirkka ta juyo ta ce me ta ce.

"Ta ce kin zo a kan idonta," in ji Serkku.

Sirkka ta ja da baya da sauri, ta ce a ba Parwin haƙuri, tabarau ɗin da ke fuskarta ne ya soke ta wajen rungumar. Ta kama fuskar Parwin ta juya ta wajen haske, ta buɗe jakarta ta ciro maganin ɗigawa a ido da take yawo da shi. Parwin ba ta san abin da ake ciki ba, kuma ba ta son ta ɓata wa baƙuwa rai, sai ta ɗaga kai ta buɗe ido. Mata da yara sun cika soro suna kallo. Serkku na tsaye da akwatuna biyu a hannu, bai ce kome ba sai da aka ɗiga wa ido na biyun.

Sirkka ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Ita ce ta ba mu labarin da suka dawo, kuma har yau in ya taso takan ce ita dai ta duba da kyau, idon matar ya yi ja.